Kafin a tafi Yamai

Ƴan uwa na Hawandawaki, kaka ta yi, wasu na shirin zuwa ganin Yamai. To, a yi lissafi tun daga gida, don birni ne mai cin kuɗi. Can ko itacen girki saye ake yi.

Hanya da nisa. A kama kwalta a Tasawa, a bi Maraɗi, Ƙonni, Dogon Dutsi da Doso. Tafiyar ta fi kilomita 700.

Kwana biyu sun isa. Ranar farko a je gidan tarihi na Bubu Hama, wanda aka kafa a 1959. Akwai zaki da dorina, da itacen Tenere da mota ta kayar a 1973. Da marece a hau gadar Kenedi a kalli kogin Isa, ba a biyan ko dala. Washegari sai Babbar Kasuwa, amma a riƙe aljihu.

Kafin a tashi, a aika wa ɗan uwa ya shirya masauki, otal ba na talaka ba ne. A yi guzurin ƙuli-ƙuli da gari. Kuɗin motar komowa a ɗaure su daban.

Kada a taɓa hatsin rumbu saboda kallo. Bazara na nan tafe.