Hayar Tukunyar Iska

A zamanin nan biki ya zo da wani sabon ado. In an yi suna, ko aure, ko yara sun sauke karatu, sai ka ga an ɗaura balan-balan ja da kore a ƙofar gida, suna tsaye a sama, zare kaɗai ke riƙe da su. Duk wanda ya taɓa hura balan-balan da baki ya san ƙasa yake faɗowa. Abin da ke ɗaga waɗannan wata iska ce da ake kira hiliyum, wadda ta fi iskar da muke shaƙa rashin nauyi ƙwarai. A cikin tukunyar ƙarfe ake matse ta, kamar tukunyar gas, masu kayan biki su ba da ita haya.

Ni aikina akawu ne, na kuwa saba, in an kawo mini abu, in tambayi inda ya fito, da abin da ya ci, da wanda zai biya in ya ɓaci. To, ga amsar tambayoyin nan game da wannan tukunya.

A cikin 1868 masana taurari suka fara ganin alamar iskar nan cikin hasken rana, don haka aka sa mata suna da kalmar Girkawa mai nufin rana. Sai 1895 wani Bature, William Ramsay, ya same ta a ƙasa. Ba ƙera ta ake yi ba, daga rijiyoyin gas ake tace ta, galibi a Amurka da Katar da Aljeriya. In ta kuɓuce, hawa take yi har ta bar duniya. Watau tukunyar kaɗai kake haya ka mayar, iskar kuwa ta tafi ke nan har abada. Ga shi asibitoci na bukatarta, domin da ruwanta, mai sanyin digiri 269 ƙasa da sifiri, ake sanyaya na'urar nan ta hoton cikin jiki da ake kira MRI.

Wanda ya yi niyyar haya, ya fara ƙidaya balan-balan ɗinsa, gama tukwanen suna da manya da ƙanana. Ya sa a rubuta masa kuɗin haya, da kuɗin ajiya, da ranar mayarwa, ya karanta da idonsa kafin ya sa hannu. Nan karatun da kuka koya zai yi muku rana. Kada kuma a hura tun jajibere. Na roba yakan yi kamar wuni guda ya saki jiki, mai ƙyalli ne ke yin kwanaki. A ɗaure tukunyar tsaye a inuwa, don in ta faɗi kanta ya karye, sai ta yi tsalle ta fasa abin da ta tarar.

Amma babbar tambaya ita ce: wace iska ce a ciki? Hiliyum ba ta kama wuta. Akwai wata, haidirojin, ita ma tana ɗaga balan-balan, ta kuma fi araha, don haka a ƙasashe da yawa waɗansu masu talla kan cika da ita. Ita kuwa ko tartsatsi ya taɓa ta sai gobara. Ita ta cinye jirgin Jamus mai suna Hindenburg a Amurka cikin 1937, mutum 36 suka rasu. Ku tuna fa a gidan biki ga murhu, ga turaren wuta, ga yara. Araha ba ta ado.

Har wa yau akwai wasan da samari kan yi, su zuƙi hiliyum don murya ta tsuke a yi dariya. Iskar ba guba ba ce, amma tana kore wadda jiki ke rayuwa da ita, mutum ya suma bai ji ko ƙuncin numfashi ba. Wanda ya kafa baki a kan tukunyar kuwa, ƙarfinta na iya tsaga masa huhu. Babba guda ya kamata ya tsaya kanta har a tashi.

Sa'an nan sai batun sakewa sama. A 1986 mutanen birnin Cleveland suka saki balan-balan kusan miliyan ɗaya da rabi. Ruwan sama ya komo da su kan tafkin Erie, suka hana masu ceto ganin waɗansu masu kamun kifi biyu da ake nema, daga baya aka sami gawarsu. A nan wajenmu akuya da saniya ke tsintar robar da ta faɗo su haɗiye, kamar yadda suke yi da leda, asara ta hau kan makiyayin da ko gayyatarsa ba a yi ba.

Ba na hana yara murna, ni ma ina son ganin ƙofar gida da ado. Abin da na gani dai, goma da aka ɗaure da kyau sun ishi kowane biki. In an watse a fasa su, a tattara robar, a mayar wa mai tukunya kayansa ranar da aka yi alkawari, gama kayan haya amana ne. Allah Ya sa mu yi biki lafiya, mu tashi lafiya, amin.