Aminin da yake son ya zama kai

Cikin fina-finan Turawa masu tayar da hankali, waɗanda suka fi hana ni barci su ne waɗanda mugun cikinsu yake shigowa gida da sallama, a ba shi wurin zama, a kira shi amini. Dodo da fatalwa ana ganinsu a gudu. Wannan kuwa da hannunka kake miƙa masa makulli.

A fim ɗin Single White Female na 1992, wanda Barbet Schroeder ya ba da umarni, wata matashiya mai suna Allie a birnin New York ta rabu da saurayinta da ya ci amanarta, sai ta buga talla tana neman abokiyar zama. Hedy ta amsa, ga kunya ga hidima. Sannu a hankali ta fara sa irin tufafin Allie, har ta rage gashinta ta rina shi daidai da nata. Daga baya ta bayyana cewa Hedy tagwaye ce, 'yar'uwarta ta nutse a ruwa suna yara, kuma wannan gurbi take son cikewa da Allie ko da jini zai zuba.

Haka The Talented Mr. Ripley na 1999, wanda aka ɗauko daga littafin Patricia Highsmith na 1955. Wani attajiri ya tura Tom Ripley Italiya ya dawo masa da ɗansa Dickie. Rayuwar Dickie ta tafi da hankalin Tom. Da Dickie ya gaji da shi, Tom ya kashe shi a cikin kwalekwale, ya ɗauki sunansa da fasfonsa da sa hannunsa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ƙofar da kowannensu ya bi. Kaɗaici ne ya sa Allie ta buɗe tata. Dickie kuwa son yabo ne: ya ji daɗin samun mai kallonsa baki buɗe, ya riƙe shi kamar abin wasa. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari, kuma a nan ɗan garin shi ne buƙatar da ke cikin zuciyar wanda aka cuta.

Duk da haka, ina tsoron mai kallo ya tashi da zargin kowa, domin wanda ya daina yarda da mutane ya koma cikin kaɗaicin da ya jefa Allie a hannun Hedy. Ma'aunin da nake ɗauka daga fina-finan nan mai sauƙi ne. Amini na ƙwarai yana da rayuwar kansa, yakan saɓa maka idan ka kauce, kuma yakan yi murna idan ka sami wasu masoya. Wanda bai taɓa ce maka a'a ba, amma fuskarsa takan canza duk lokacin da ka ambaci sunan wani aboki, shi ne ya kamata ka dakata kafin ka ba shi makullin ɗakinka.