Awa biyu da rabi a tikiti, wuni guda a hanya

Tsakanin filin jirgin Akra da na Malam Aminu Kano akwai kusan kilomita 1,200. Da jirgi zai miƙe kai tsaye, da bai kai awa biyu ba. Kakanninmu fataken goro watanni suke yi da jakuna daga Kano zuwa Gwanja, shi ya sa mu mazauna zango muke cika baki cewa yanzu gida ya zo kusa. Ni dai ban yarda da wannan lissafin ba.

Duk zuwan da nake yi ta sama, ta Legas nake bi. Akra zuwa Legas kilomita 400 ne, awa ɗaya. Legas zuwa Kano ya ɗan haura 800, awa ɗaya da rabi. A takarda awa biyu da rabi ke nan. To amma sai ka baro Nima awa uku kafin tashi. Kana sauka agogo ya cinye maka awa guda, don Najeriya tana gaban Gana da awa ɗaya. Ga layin buga fasfo, ga jiran kaya, sannan ka nemi mota daga ɓangaren jiragen waje zuwa na cikin gida, don ba gini ɗaya ba ne. Idan jirgin Kano ya riga ka tashi, ko hazon hunturu ya hana sauka, sai kwana. Wanda ya fito da asuba ya yi magariba a Kano, ya gode wa Allah.

Ga ɗan kasuwa wannan ba komai ba ne, kaya suna jira. Gawa ce ba ta jira. A Kano wanda ya rasu da dare, kafin azahar an kai shi makwancinsa. Da yayata ta rasu, ƙarfe biyun dare aka kira ni. Ban ɓata minti ɗaya ba, kuɗi a hannu, fasfo a aljihu, amma ina zaune a Legas ƙanena ya bugo ya ce, "Yaya, mun dawo daga maƙabarta." Zaman makoki na tarar.

Shi ya sa idan yaran shagona suka ce tsohuwa ba ta da lafiya amma za su jira su ga yadda jikin zai yi, nakan ce su tafi yau, ni zan riƙe shagon. Ka ware kuɗin tikiti daban da jari, kada ka taɓa shi ko ciniki ya tsaya. Ka riƙa duba ranar da fasfonka zai ƙare. Zumunta a ƙafa take, kuma lokacin takawa shi ne sa'ad da mara lafiya zai iya buɗe ido ya gane ka.