Yadda Muka Zaga Ganuwar Bauchi Don Neman Kwano

Tun ina aji biyar a makarantar Mishan ta ƙauyenmu na san labarin Ganuwar Sin. Malaminmu na labarin ƙasa ya zana mana ita a allo, tana hawa dutse tana gangarawa kamar maciji, ya kuma sa muka haddace cewa a shekara ta 221 kafin haihuwar Almasihu aka haɗa ƙasar Sin a hannun sarki guda. Amma ganuwar Bauchi, wadda ba ta fi tafiyar sa'a guda a mota daga gidanmu ba, ban taɓa jin an ambace ta a aji ba. Sai da na zo kwalejin nan, na kama ɗaki a Gwallameji, sa'an nan na san akwai ta. Ko a nan ɗin ma ba neman sani ya kai ni ba, iska ce ta kai ni.

Ga yadda abin ya faru. A farkon daminar bara aka tura mu gwajin koyarwa, mu shida, wata makarantar firamare da ke kusa da masaukinmu, aka ba ni aji huɗu. Ran nan da dare aka taso da hadari mai iska, da gari ya waye muka tarar rufin ajina yana kwance a gonar wani, ya nannaɗe kamar tabarma. Hedimasta ya rubuta takarda inda ya kamata, aka ce a jira. Muka koma gindin dogon yaro da yara fiye da sittin. Duk wanda ya taɓa koyar da lissafi a gindin itace ya san wahalar: allo ba ya tsayuwa, akuya ta gitta a yi dariya, da gabas ta yi baƙi kuwa sai a ce kowa ya ruga gida. A mako guda na lissafta darasi tara da ruwa ya cinye mana. Abin da ya fi damuna shi ne 'yan mata, don uwayensu suka fara cewa in dai zaman gindin itace ne, ai gara su ɗauki talla. Kafin wata ya ƙare bakwai daga cikinsu sun daina zuwa.

Wata malamarmu ta kwaleji ce ta kawo shawara. Ta ce a Ingila da waɗansu ƙasashen Turai, in ana neman kuɗi domin asibiti ko marayu, mutane su kan tashi takanas su tafi Sin, su yi kwanaki suna tafiya a ƙasa bisa ganuwar nan, cikin duwatsun da ke arewa da Beijin, 'yan'uwa da abokai kuwa su yi alkawarin biyan kuɗi saboda wahalar da suka sha. Ba duka su ke bi ba, don ba mai iyawa. Awon da gwamnatin Sin ta bayyana a 2012 ya nuna tsawonta duka da rassanta kilomita 21,196 ne, wadda sarakunan Ming suka gina tsakanin 1368 da 1644 kaɗai ta kai kilomita 8,850. Muka yi dariya, muka ce mu da kuɗin zuwa Jos ke gagara. Sai wani abokina, haifaffen cikin gari, ya ce, "To, mu ba mu da ganuwa ne?"

Shi ya fara karanta mana tarihin. Malam Yakubu, Bageri ne, almajirin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya karɓo tuta, ya zauna a Inkil tukuna, sa'an nan a 1809 ya kafa birnin nan. Mutanen gari sun ce wani maharbi mai suna Baushe ya ba shi shawara ya kafa shi yamma da dutsen Warinje, wai daga sunansa aka sami sunan garin. Yakubu ya kewaye birnin da ganuwa mai tsawon mil shida da rabi, watau kilomita goma da rabi, ya yi sarauta har ya rasu a 1845. Turawan farko da suka zo, irin su Fogel a 1855 da Rolfs a 1867, Yakoba su ke kiran garin, da sunan mai shi. In an gwada ta da ta Kano, wadda aka soma tun zamanin Sarki Gijimasu, tsakanin 1095 da 1134, tamu jaririya ce. In an gwada ta da ta Sin kuwa, ai sai a yi shiru. Amma mil shida da rabi ya ishi ƙafar ɗalibi.

Muka buga takardun alkawari, kowa ya rubuta abin da zai bayar a kan kowane mil. A kwaleji abin ya yi sauƙi, don rubuta suna ba ya cin kuɗi. A kasuwa muka sha kunya. Wani mai sayar da kayan gini a Wunti ya juya takardar, ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Malam, ban gane ba. Kai za ka yi tafiya, ni in biya? In taimako ku ke nema ku ce taimako. Yaushe aka fara sayar da tafiya?" Na yi ta bayani, Turanci na neman kubce mini, ya dai rubuta wani abu kaɗan don in tafi. Gaskiya na fita shagon nan ina ganin ya fi ni hujja.

Ran Asabar da asuba muka tashi daga Gwallameji, mu goma sha huɗu, maza da mata. Muka ƙi shiga mota, muka bi hanyar Dass a ƙasa ta Yelwa har cikin gari, ko da ya ke wannan ba ya cikin lissafi. Wani ya rubuta "A taimaki aji huɗu" a jikin kwali, ya ɗaura a sanda. Rana na fitowa muna Wunti.

To, a nan muka gamu da abin da ba mu shirya masa ba. Ina ganuwar? Ni a zuciyata na zana ta kamar yadda malaminmu ya zana ta Sin, doguwa ba yankewa, mu hau mu yi ta tafiya muna hangen duwatsu. Abin da muka tarar kuwa gidaje ne da shaguna da kwalta. Sunayen ƙofofi na nan daram a bakin mutane, Ƙofar Ran, Ƙofar Wase, Ƙofar Dumi, Ƙofar Inkil, Ƙofar Tirwun, Ƙofar Jahun, Ƙofar Nasarawo, Ƙofar Wambai, kowane ɗan acaba ya san su. Amma tsakanin wata ƙofa da wata sai ka yi ta tambaya. Mu shiga lungu mu ɓulla, a ce mana ai mun bar ta a baya, mu komo. Wani wuri ka ga ɗan tudun jar ƙasa a bayan gida, awaki na kwance a kai, a ce maka ita ce. Wani wuri an yanke ta an fitar da hanya. Wani wuri kuma mutane sun ɗebe ƙasar sun yi tubali, watau ganuwar ta shiga cikin gidajen da aka gina ta domin ta tsare. Yara suka biyo mu suna tsammani 'yan siyasa ne.

Wajen hantsi, ƙafa ta fara nauyi, muka sami wani guntu mai ɗan tsawo, ya fi mutum biyu in an ɗora. Muka hau da rarrafe. Daga can sama ne kaɗai na ga abin da na zo nema: gari a shimfiɗe, duwatsu sun kewaye shi ta kowane gefe, waɗansu kusa, waɗansu sun yi shuɗi don nisa. A gindin wurin wani tsoho na zaune a kan buzu yana gyaran carbi. Muka sauko muka durƙusa muka gaishe shi, ya tambayi abin da ke tafe da mu, abokina ya faɗa masa.

Ya yi murmushi, ya ce, "Samari, kun san yadda aka yi abin nan da kuka hau?" Muka ce sai Baba ya faɗa. Ya ce shi dai abin da ya ji daga kakansa, ba a ba kowa ko anini ba. In damina ta wuce sai a yi shela, kowace unguwa a nuna mata rabonta, masu haƙa na haƙa, masu kwaɓa na kwaɓa, mata na kawo ruwa, makaɗa na zuga. Ramin da aka ɗebi ƙasa a waje shi ya ke zama gwalalo, a bar ƙaya ta cika shi don doki kada ya ƙetare. A ciki kuma a kan bar gonaki da kududdufai, don ko an rufe ƙofa kada yunwa ta ci gari. Ya ce ba don ado aka yi ba, mutanen Ningi sun daɗe suna hana sarakunan Bauchi barci daga kan duwatsunsu. Da Turawa suka ci garin a 1902 aka daina jin tsoron mahara, gyara ya ja baya, ruwan sama ya karɓi aikinsa.

Sa'an nan ya dube ni, ya ce, "Kai, yaro, harshenka ba na cikin gari ba ne. Ɗan ina ne?" Na faɗa masa, daga duwatsun wajen Dass. Ya yi shiru kaɗan, ya ce, "To, ai kai ma da hannun kakanninka a ciki, ko da so ko ba so."

Maganar nan ta tsaya mini a rai, don na san abin da ya ke nufi. Kakata ta sha ba mu labarin zamanin da in an hangi ƙurar dawaki sai a kwashi yara da awaki a hau dutse, wanda aka kama kuwa ba a sāke ganinsa. A kan dutsen da ke bayan ƙauyenmu har yanzu akwai shingen duwatsu da aka jera ba laka, ya bi gefen tsauni ya toshe mashiga. Muna yara mun sha hawansa muna neman gafiya, ban taɓa kiransa ganuwa ba, don ba ya cikin littafi. Ashe ganuwa biyu ke kallon juna, ni na fito daga bayan ɗaya, abokina daga bayan ɗaya, ga mu yau gora guda mu ke sha. Na so in faɗa masa haka, na ga ya sunkuyar da kai yana wasa da ƙasa, na bari. Ba mu tā da zancen ba har yau, ina tsammani kuwa zai fara jin ra'ayina ne a shafin nan.

Da za mu tashi tsohon ya ce shi ba shi da kuɗi, amma ɗansa kafinta ne, in mun sami kwano mu aiko. Ya ƙara da cewa, "Ku da ku ke da ƙafar zaga gari, ai kuna da hannun miƙa katako."

Sauran tafiyar ba abin faɗi sai rana da ƙishirwa. Mutum biyu suka sare a hanya, takalmin wata ya tsinke ta ƙarasa da silifa na aro. Bayan azahar muka komo inda muka fara.

Ran Litinin na koma wurin mai kayan ginin nan da takardata. Ya ce, "Malam, mil nawa kuka yi?" Na ce shida da rabi, har da ɗoriya saboda ɓatan hanya. Ya ce, "A kan ganuwa fa aka ce. Mil nawa na ganuwa ka gani da idonka?" Nan fa na tsaya. Da na ce shida da rabi ba mai ƙaryata ni, kuɗin kuwa muna bukatarsa. Amma kullum ina gaya wa aji huɗu kada su rubuta amsar da ba su lissafa ba. Na ce in an harhaɗa guntayen da na taka, ba na jin sun cika mil guda. Ya ƙyalƙyale da dariya, ya ƙirga kuɗin mil guda daidai ya ba ni, ko kwabo bai ƙara ba. Na fita raina a ɓace. Kashegari sai ga yaronsa a makaranta da bandir guda na kwano a kan amalanke, da ƙusa a cikin leda, wai maigida ya ce wannan ba na tafiya ba ne, na yara ne.

Abin da muka tara ya sayi sauran kwano da katako. Ɗan tsohon nan ya zo da abokin aikinsa Asabar biyu a jere, bai karɓi kome ba sai abinci, iyayen yara suka fito, mu kuma muka yi ta miƙa katako kamar yadda aka umurce mu. Daga cikin 'yan matan nan bakwai, biyar sun komo aji. Biyu ba su komo ba, na je gidajensu sau biyu, an karɓe ni da mutunci, an ba ni ruwa, shi ke nan.

Ajin dai ba shi da silin tukuna, in rana ta take sai ka ce tanda. A takardun da ke hannuna kuwa akwai mutum goma sha ɗaya na kwalejin nan, har da malamai biyu, waɗanda suka rubuta suna ba su cika ba. Edita ya hana ni buga sunayensu a wannan fitowa. Ina nan Gwallameji kowace yamma bayan la'asar, kuɗin mil shida da rabi za su kawo.