Kwalba ta Goma

Wasan bolin, wanda Amurkawa suka daidaita dokokinsa a birnin New York a 1895, yana da lissafi mai ruɗar ɗan kallo. Kwalabe goma na katako ake jerawa a ƙarshen wata doguwar hanya mai santsi, ƙafa 60 daga layin jifa zuwa kwalbar farko. Wasa zagaye goma ne, kowanne da jifa biyu. Wanda ya kwashe goman da jifa ɗaya ya yi sharewa: maki goma, a ƙara masa abin da jifa biyu na gaba suka kayar. Wanda sai a jifa na biyu ya ƙarasa su ya yi cikewa: goma, da abin da jifa ɗaya na gaba ya kayar. Sharewa 12 a jere ita ce 300, ƙololuwar wasan.

Akwai wani akanta a jihar Ohio da ya shafe shekaru yana buga gasar mako-mako kowane daren Talata. Mutum ne da ba ya barin kobo ya ɓace a littafin kamfani, amma a wasansa da zuciya yake lissafi. Allon da ke rataye saman hanya jimilla yake nuna masa, shi kuwa abin da yake komawa gida da shi ƙarar sharewa ce. In maki suka yi ƙasa, ko dai ƙwallon ta tsufa, ko an shafa man hanya ba daidai ba.

Manhajar da ya sa a wayarsa ba ta tsaya kan jimilla ba. Bayan kowane jifa tana nuna masa zanen kwalaben goma, ya taɓa waɗanda suka rage a tsaye. Aiki ne mai gundura, har abokan wasansa suna yi masa tsiya. Bayan 'yan watanni zanen ya nuna abin da bai so gani ba: sharewarsa ba ta da laifi, maki suna zubewa ne a kwalba ta goma.

Ita wannan kwalba tana kusurwar dama ta layin baya, dab da kwata. Mai jifa da hannun dama yana auna tsakanin ta ɗaya da ta uku, kuma sau da yawa ta shida, wadda ya kamata ta ture ta goma, sai ta kauce ta bar ta tsaye. Ɗauke ta ya fi yadda ake zato wuya. A yawancin gidajen wasa man ya fi yawa a tsakiyar hanya, gefuna kuwa kusan a bushe suke, don haka ƙwallon da aka ƙera don ta lanƙwasa tana isa gefe sai ta kama katako ta juya hagu. Maganin sananne ne: ƙwallon roba mai tafiya miƙe, a jefo ta daga ɓangaren hagu ta ratsa hanya a karkace.

Girman asarar yana cikin lissafin. Mai kayar da tara a kowane zagaye yana kuskuren ɗayar da ta rage zai tashi da 90. Mai kayar da tara ɗin nan yana cikewa zai tashi da 190. Kwalabe goma kacal suka raba su, amma tazarar maki ɗari ce, ba tare da sharewa ko ɗaya ba.

Sanin hakan bai sauƙaƙa masa ba. Atisayen kusurwa yana nufin ya biya kuɗin wasa, ya tsaya gaban kwalabe goma cif, ya auna guda ɗaya a gefe, allon yana nuna wa kowa maki irin na ɗan koyo. Ga kuma batun ƙarin maki. Gasanni da yawa suna ba mai rauni kashi 90 cikin ɗari na tazarar da ke tsakanin matsakaicin makinsa da wani adadi, misali 220. Mai 160 yana samun ƙarin 54, mai 180 kuwa 36. Ma'ana, wanda ya sha wahala ya ƙaru da maki 20, biyu kawai ƙungiyarsa za ta gani. Shi ya sa ake samun masu rage ƙwazo da gangan a farkon kaka don su tara ƙari, halin da 'yan wasa ke ɗauka ha'inci ne ƙarara. Manhaja tana tona wannan tsakanin mutum da wayarsa, domin makin atisaye da na gasa suna gefe da gefe.

Robert Putnam ya yi amfani da raguwar irin waɗannan gasanni a littafinsa na 2000, Bowling Alone, wajen bayyana sanyin zumunci a Amurka. Mutum biyar a benci, kowa kansa sunkuye a waya, hoto ne da zai ƙarfafa hujjarsa. Sai dai a ƙungiyar akantan zanen ya zama abin hira: an gano cewa bahagon cikinsu ta bakwai ce ke ba shi wahala, kishiyar ta goma a kusurwar hagu.

Akantan ya sayi ƙwallon roba. Safiyar Asabar, lokacin da gidan wasa ba kowa sai yara, yana jifa a kusurwa, ya ɗauki waya ya taɓa kwalaben da suka rage.