Takalmin Dokin Sukuwa

Cikin watan Fabarairu na shekara ta 1989, a bajekolin motoci na birnin Shikago, kamfanin Mazda na Hiroshima ya fito da wata ƴar mota mai kujera biyu, marar rufin ƙarfe, wadda a Amurka aka laƙaba mata Miata, a Turai kuma MX-5. Nauyinta wajen kilo 950 ne, injinta lita 1,6, ƙarfinsa doki 115. Ƙafafunta kuwa ba su da wani abin nuna wa tsara: janti, wato ƙarfen da taya ke zama a kansa, mai inci 14, da taya 185/60 R14, irin wadda za a iya gani ƙarƙashin motar kai yara lekol.

Da gangan aka yi haka. Injiniyoyin Japon sun yi koyi ne da Lotus Elan, motar Ingila ta 1962, mai nauyin wajen kilo 700 bisa janti mai inci 13. Mai ita, Colin Chapman, ya yi rayuwarsa kan ra'ayi guda: ƙarin ƙarfin inji yana amfani a miƙaƙƙiyar hanya kaɗai, rage nauyi kuwa yana amfani ko'ina. Mutanen Mazda suka ƙara da wata tsohuwar kalma ta maharban bisa doki na ƙasarsu, jinba ittai, ma'ana doki da mahayinsa su zama jiki ɗaya. Wanda ya taɓa ganin yadda ake sauke wa doki kayan hawan salla kafin a kai shi filin sukuwa ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

Wani mutumin Maradi, mai aikin jinya, da ya daɗe zaune kusa da Clermont-Ferrand a tsakiyar Faransa, ya sayi ɗaya daga cikin motocin nan na fari bayan ya haura shekara 50. Shekaru ya yi yana tara kuɗinta, a gefen abin da yake aikawa gida. Tayoyin da ta zo da su sun tsufa, sun bushe har gefensu ya tsattsage, dole a sake. Ɗan ƙanwarsa da ke karatu a garin ya dubi motar, ya ce: «Kawu, tun da za a kashe kuɗi, a kashe su inda ido zai gani. Ƙafafun nan kamar na amalanke suke. A sa mata 17.» Kawun bai ce ƙala ba. Maganar dai ta zauna masa, domin shi ma ya san yadda mota ke cika ido idan janti ya cike ramin ƙafa yana walƙiya, kuma kuɗin da ke hannunsa na saye ɗaya ne, babu na gyara kuskure.

Sai ya koma ga lambobin da ke jikin taya, waɗanda suke jimla ce mai harshe uku. Lamba ta farko, 185, faɗin taya ne da milimita. Ta biyu, 60, tsayin gefenta ne, kashi 60 cikin ɗari na wancan faɗin, wato milimita 111. Harafin R na nufin radiyal, tsarin saƙar waya da kamfanin Michelin, na nan Clermont-Ferrand ɗin, ya yi wa rajista a 1946. Ta ƙarshe, 14, faɗin janti ne da inci, ma'aunin Ingilishi. Faransawa sun so su raba duniya da wannan haɗin gambiza: a 1975 Michelin ya fito da TRX, mai janti da aka auna da milimita, kamar 390. Kasuwa ta ƙi. Har yau ƙasar da ta haifi mita tana sayen janti da inci.

Lissafin ba shi da wuya. Inci 14 milimita 356 ne. A ƙara gefen taya sama da ƙasa, tsayin ƙafar duka ya kama 578. Wannan adadi shi ne abin kiyayewa, domin da shi aka daidaita giya, da agogon gudu, da filin da ƙafa ke juyawa ciki. Taya 195/50 R15 tana ba da 576, kusan babu bambanci. Wadda yaron ke so, 205/40 R17, tana ba da 596, ƙarin kashi 3 cikin ɗari: agogo na nuna 100, mota na gudun 103, kuma ƙaramin injin yana jan giyar da aka tsawaita masa ba da shawararsa ba. Gefen taya kuma ya sauko daga milimita 111 zuwa 82. Milimita 29 ɗin da suka tafi iska ce da roba, su ne ke fara karɓar duka idan an faɗa rami.

Amma babbar magana tana ga nauyi. Mota kashi biyu ce: abin da ke zaune bisa sifirin, da abin da ke ƙarƙashinsa, wato janti da taya da birki. Idan ƙafa ta hau tudu, takan yi tsalle sama, sai nauyin gangar jikin mota ya danna sifirin ya maido ta ƙasa. Babbar mota mai tan biyu tana da abin dannawa. Ko ƙafarta ta yi nauyi, jikin ya fi ƙarfinta. Mota mai kilo 950 ba ta da wannan gata. Jantinta na asali bai kai kilo 6 ba, yayin da na inci 17 mai araha yakan kusanci kilo 10. Kilo 4 a kowace kusurwa ba komai ba ne idan buhun gero ne a bayan mota. A ƙafa kuwa, wadda ke hawa da sauka sau da yawa cikin daƙiƙa guda, yana nufin tayar za ta riƙa jinkirin komowa ƙasa bayan kowace gargada, kuma a ɗan lokacin da take sama ba ta riƙe komai ba, ba ta juya mota, ba ta tsayar da ita. Ga shi nauyin yana can bakin da'ira, inda ya fi wuyar juyawa da wuyar tsayarwa. Mai tseren da aka ɗaura wa takalmin soja zai yi gudu, amma kowane taku sai ya biya.

Faɗi ma yana da tasa yaudara. Ido na cewa taya mai faɗi ta fi taka ƙasa. Alhali girman wurin da take takawa, kamar tafin hannu, nauyin mota da iskar cikinta ne suka fi yanke shi. Faɗi siffarsa yake sakewa, ya mai da shi gajere mai faɗi. A busasshiyar kwalta hakan yana ƙara riƙo a kwana, babu musu. A hanyoyin duwatsun Auvergne, inda ruwan sama ba baƙo ba ne, mota marar nauyi bisa taya mai faɗi tana saurin hawa kan ruwa ta yi iyo. Kuma riƙo mai yawa yana toshe bakin mota. Siririyar taya takan yi gargaɗi: sitiyari ya yi sauƙi a hannu, baya ya ɗan motsa, direba ya ji ya sassauta, duk a gudun da bai kai na halaka ba. Mai faɗi, mai gajeren gefe, takan yi shiru har sai gudu ya yi yawa, sannan ta saki gaba ɗaya. Toyota ya fahimci wannan sarai: a 2012 ya fito da GT86 bisa tayar Michelin Primacy, irin wadda ake sa wa wasu Prius, motar masu tsimin mai, don direba ya riƙa jin iyakar motarsa tun bai yi nisa ba. An yi dariya, sannan aka hau aka gane.

Ba a ce duk ƙari ɓarna ne ba. Wanda ya sa babban birki dole ya nemi jantin da zai rufe shi. Motar da injinta ke baya, kamar Lotus Elise ta 1996 mai kilo 725, takan so ƙafar baya ta fi ta gaba, 205 bisa inci 16 a baya, 185 bisa 15 a gaba, domin can nauyin yake. MX-5 kuwa nauyinta rabe yake kusan daidai, ƙafafunta huɗu ɗaya suke so. Hujja mafi ƙarfi ta masu son inci 15 ita ce kasuwa: masu ƙera taya sun bi manyan motoci, tayoyi masu kyau na inci 14 sun yi ƙaranci.

Wannan hujjar ce ta tsayar da mutumin Maradi kwana da kwanaki. A ƙarshe ya bar jantinsa na asali, ya zuba kuɗin duka cikin taya huɗu sababbi masu ma'aunin farko, bayan ya duba lambobi huɗun da ke gefe, masu faɗin mako da shekarar da aka ƙera kowace. Yaron ya ce kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Ta fuskar ido yana da gaskiya: motar ba ta sake kama ba ko kaɗan.

Shi kansa kamfanin sai da ya bi zamani. MX-5 ta uku, ta 2005, ta ƙara jiki, ta hau inci 16 da 17, da noti biyar a kowace ƙafa. Da ta huɗu ta fito a 2015, an sake rage ta zuwa wajen tan guda, noti ya koma huɗu, mai ƙaramin inji kuma ta tsaya kan 195/50 R16. A 2017 Mazda ya buɗe aikin sabunta motocin fari a Japon, kamfanin Bridgestone kuma ya sake ƙera musu tayarsu ta 1989, mai suna SF-325, da ma'auninta na dā, 185/60 R14.