Hatimin da Ban Shigar a Littafi Ba

A aikin gwamnatin Najeriya takardar sirri hawa huɗu ce, daga wadda aka taƙaita masu ganinta zuwa ta ƙoli, wadda sai manya ƙalilan ke buɗewa. Kowace da ƙa'idar tafiyarta: lamba a bangon fayil, akwatin ƙarfe mai makulli, da littafin da ake rubuta wanda ya ɗauka da ranar da ya ɗauka. Duk na san wannan. Na yi rantsuwar riƙe sirri bisa Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962, na yi shekaru ina akawu a ɗakin fayiloli na wani ofishi a Zariya, kullum in hawo bas daga Samaru in ratsa Kwangila in nufi Sabon Gari. Amma a lokacin hatimin sirri nake girmamawa, littafin kuwa na ɗauke shi wahalar banza.

Wata Juma'a aka kawo fayil ɗin gyaran katanga da fitilun tsaro. Maigidana ya ce, "Malam, adana wannan, akwai taswirar ginin a ciki." Na danna masa jan hatimi, na jefa shi akwati, na ce in na dawo masallaci na shigar da shi littafi. Ban shigar ba. Daga nan hannu ya saba. Takardar da na ga za ta jawo surutu, ko koken ma'aikaci ce ko lissafin da bai daidaita ba, sai ta sha hatimi. Ba wanda ya umurce ni, ba kuma wanda ya taɓa tambayata guda nawa na buga.

Sai ga wani dattijo, tsohon maigadinmu, yana neman shaidar shekarar da aka ɗauke shi aiki don a biya shi haƙƙin sallama. Takardar da ke ɗauke da sunayen masu gadi da ranakun kama aikinsu tana maƙale a wancan fayil ɗin. Na ce, "Baba, fayil ɗin nan na sirri ne." Ya jingina sandarsa da teburina, ya ce, "Ɗana, ai ni na yi gadin katangar." Na yi shiru, amma ban buɗe akwatin ba.

Ya yi ta zarya har maigida ya ba da izini. Na buɗe, babu fayil. Na buɗe littafi, babu ko layi ɗaya da ke nuna an taɓa yin irinsa, balle a san hannun da ya ɗauka. Da farko na so in ɗora wa masinja laifin, kuma da na ɗora da ya zauna, don shi ba shi da mai tsaya masa. Daga baya na je na faɗa wa maigida gaskiya, na sha takardar tuhuma. Fayil ɗin ya fito ne bayan an yi wa wani jami'i canjin wurin aiki, a ƙarƙashin tarkacen durowarsa. Kafin nan dattijon ya riga ya kashe ɗan abin hannunsa wajen rantsuwar kotu da kuɗin mota, layin biyansa kuma ya wuce shi.

Abin da ya ƙara nuna mini girman wautata a nan Samaru ya faru. Cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello tana da ƙaramar na'urar nukiliya da ta fara aiki a 2004. A ƙarshen 2018 aka cire yuraniyom ɗinta mai ƙarfi, kimanin kilo ɗaya, aka mayar da shi Sin. Mu maƙwabta sai bayan ya sauka muka ji labari. Wannan shi ne sirri na gaskiya, kuma dubi yadda ake riƙonsa: kayan a auna suke, a rubuce suke, ana kai lissafinsu ga hukumar nukiliya ta duniya da ke Biyana, sirrin tafiyar kuma ya ƙare ranar da haɗarin ya wuce. Nawa kuwa ba lissafi, ba ranar ƙarewa.

Ba mu kaɗai wannan ciwo ya kama ba. A 2005 ofishin binciken ayyukan gwamnati na majalisar Amurka ya gano cewa hukumar tsaron sufuri ta ƙasar ba ta da tsayayyar ƙa'ida kan wa ke da ikon ayyana takarda a matsayin bayanin tsaro mai haɗari, ba kuma mai bin sawun abin da aka ayyana. Majalisar ta wajabta a riƙa kawo mata jerin sunayen irin waɗannan takardu duk shekara.

A nan gida, Dokar 'Yancin Samun Bayanai da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu ranar 28 ga Mayu 2011 ta rage wa hatimi irin nawa ƙarfi. Sashe na 28 ya ce kasancewar takarda ta sirri bai isa kaɗai ya hana a bayar da ita ba. An ba hukuma kwana bakwai ta amsa, hanawa ba bisa ƙa'ida ba kuma tararta naira 500,000. Sashe na 29 ya ce kowace hukuma ta kai wa Antoni-Janar rahoto zuwa 1 ga Fabrairu, shi kuma ya kai wa Majalisar Tarayya zuwa 1 ga Afrilu. Sai dai abin da rahoton ke ƙirgawa shi ne buƙatun da aka shigar da waɗanda aka ƙi, ba yawan takardun da aka danna wa hatimi ba. Ko da dokar tana nan a wancan lokacin, zaryar tsohon maigadinmu ba za ta shiga lissafin kowa ba, domin bai rubuta komai ba. Da baki ya roƙe ni.